Injin Faskare Da Kasuwar Itacen Girki: Nazari Daga Adogi

LAFIYA — Duk matafiyin da ya bar Lafiya da rani ya miƙi hanyar Shendam, kafin ya wuce Adogi idonsa zai sha ganin itacen girki a bakin titi, wani an ɗaure shi dami-dami, wani kuma gumagumai ne zube suna jiran mai gatari. Wannan haja ba ta da kanti, ba ta da talla, amma da wuya ta yi kwantai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024, wanda aka gudanar a jihohi tara, ya nuna kimanin kashi biyu bisa uku na gidaje suna amfani da itace wajen makamashi. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa sun sa Nijeriya cikin ƙasashen da suka fi cin itacen wuta a duniya, da fiye da kubik mita miliyan 60 a shekara.

Tsadar sauran makamashi ta ƙara wa wannan kasuwa ƙarfi. An janye tallafin kananzir a 2016. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, iskar gas ta girki ita ma ta bi sahu. Gidaje da ƙananan masana'antu da yawa sun koma murhu. Ba abin mamaki ba ne, ke nan, idan mai jari ya fara tunanin ko akwai injin da zai yi aikin masu faskare goma a wuni guda. Injin akwai shi. Abin nazari shi ne yadda yake aiki, da yadda ake sarrafa shi, da kuma sharuɗɗan da sai sun cika kafin ya mayar da uwar kuɗi a wuri irin Adogi.

Yadda injin yake

A mafi yawan garuruwan Nijeriya, aikin itace kashi biyu ne. Mai zarton inji ya kayar da bishiya ya daddatsa ta, mai gatari kuma ya faskara. Injin da ake magana a kansa ya haɗa waɗannan ayyuka biyu a jiki ɗaya. Ya fi yaɗuwa a ƙasashe masu tsananin sanyi, inda ake ɗumama gida da itace. Kamfanonin Hakki Pilke da Palax da Japa na ƙasar Finlan, da Posch na Ostiriya, da Tajfun na Sulobeniya, suna cikin sanannun masu ƙera shi.

Sassansa biyar ne. Akwai gadon da ake jera gumagumai a kai. Akwai bel mai tafiya wanda ke jawo gungume ciki har ya tsaya daidai tsawon da aka saita. Akwai ƙarfen da ke danne gungumen, tare da zarton da ke datsa shi, ko dai na sarƙa ko na faifai mai haƙora. Guntun da aka datsa sai ya faɗa cikin kwarin faskare, inda ƙarfen turi mai aiki da man haidurolik ke ingiza shi kan wuƙar tsaga, ya rabu gida biyu, ko huɗu, ko shida, ko takwas, gwargwadon wuƙar da aka ɗaura. Daga nan wani bel ɗin ya kwashe faskaren ya zuba a mota ko a tari.

Ƙarfin turin ƙanana da matsakaitan injuna yakan kama daga tan 5 zuwa tan 20, kaurin gungumen da suke iya haɗiya kuwa santimita 30 zuwa 50. Wasu ana juya su da sandar da ke bayan tarakta, wasu da lantarki mai layi uku, wasu kuma suna da injinsu na fetur ko dizal. Ga mai aiki a ƙauye, inda ba a dogara da wutar lantarki, zaɓin ya rage tsakanin tarakta da inji mai cin kansa. Na tarakta yana da wata fa'ida ga manomi: taraktar da ke zaune bayan an gama huɗa ta sami aikin rani.

Sarrafa shi a wunin aiki

Aikin yana farawa tun kafin a tayar da inji. Mai inji zai kafa shi a daidaitacciyar ƙasa mai tauri, ya duba man haidurolik da man sarƙa, ya duba tiyo ko akwai tsiyaya, ya sa giris inda ya kamata, ya gwada maɓallin tsayarwa na gaggawa. Sarƙar zarto ba a son ta yi sako-sako, ba a kuma son ta ɗaure tamau. Bayan an tayar, a bar man ya zagaya na ɗan lokaci kafin a ba shi gungumen farko.

Rarrabe gumagumai shi ne sirrin saurin aiki. A ware masu kauri ɗaya wuri ɗaya, domin kada a riƙa tsayawa ana ɗaga wuƙar tsaga ana sauke ta. A sassabe rassa da ƙulli tun a ƙasa. A kakkaɓe yashi da lakar da suka manne a ɓawo, domin yashi ne babban abokin gabar sarƙa, gungume ɗaya da aka ja a ƙasa yana iya dakushe ta. Itacen da aka saro a cikin gari ko a shingen gona kuwa sai an bincika shi saboda ƙusa da waya.

Tsawon yanka ya danganta da mai saye. Murhun gida yana son gajere, tandar gidan burodi tana son dogo mai kauri. Mai inji zai saita ma'aunin tsawo sau ɗaya, ya gama odar mutum ɗaya kafin ya canja. In ya jawo gungume ya danne shi, sai ya sauke zarto a hankali, ya bar haƙora su ci da kansu. Kafin ya saki ƙarfen turi, wajibi ne ya duba cewa guntun ya kwanta daidai a cikin kwari. Guntun da ya faɗa a karkace shi ke lanƙwasa wuƙa, shi ke kuma toshe inji. In hakan ta faru, a mayar da ƙarfen turi baya, a kashe inji ɗungurum, sannan a gyara da ƙugiya ko sanda. Hannu ba ya shiga kwarin faskare muddin inji yana numfashi.

Abin da zarto ke fitarwa yana ba da labarin lafiyarsa. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar ƙura, tana zafi, tana shan mai fiye da kima. Ƙwararren mai inji yakan ajiye sarƙa biyu ko uku wasassu, ya canja nan take, ya bar aikin magagari sai yamma. Al'adar zuba tsohon baƙin mai a madadin man sarƙa arha ce mai tsada, domin yana ɗauke da dattin ƙarfe da ke cinye famfon mai da sarƙar kanta.

Yanayin Lafiya yana da nasa sharaɗi. An ƙera waɗannan injuna ne domin ƙasashen sanyi, alhali a watan Maris zafin wannan yanki yakan kusanci digiri 40. Man haidurolik da ya wuce digiri 80 yana tsinkewa, yana lalata robobin da ke riƙe shi. Saboda haka aikin sassafe da na la'asar ya fi, injin kuma ya zauna a inuwa, a zuba masa man da ya dace da ƙasar zafi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, sai an riƙa kakkaɓe ta kullum.

Tsare rai da gaɓoɓi

Sandar bayan tarakta tana juyi 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa guda. In ta kama bakin riga, babu mai saurin da zai kuɓuta. Don haka babbar riga da rawani da gyale da duk wata tufa mai reto ba su da wuri kusa da inji, murfin sandar kuma ba a cire shi. Man haidurolik yana tafiya da matsin da zai iya huda fata, wanda ke neman inda tiyo ya fashe sai ya kara kwali, kada ya shafa da hannu. Wanda man ya shiga jikinsa a garzaya da shi asibiti ko da ramin bai fi na allura ba. Ƙarar zarto ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa in aka daɗe, saboda haka matoshin kunne da tabarau da takalmi mai tauri kayan aiki ne, ba ado ba. Mutum ɗaya ne zai riƙe liba. Yara kuwa, waɗanda ƙarar sabon inji ke jawowa a kowane ƙauye, a kafa musu iyaka da igiya.

Inda injin ke cin karo da dajin Nasarawa

An zana injin ne domin itatuwan Turai masu miƙewa sambal, masu sauƙin tsagewa. Itatuwan da masu girki suka fi so a wannan yanki, irin su marke da ƙirya, akasin haka suke: ga tauri, ga karkata, ga rassa tun daga ƙasa. Karkataccen gungume ba ya tafiya a kan bel sai an daddatsa shi da zarton hannu, mai ƙulli kuma yana iya gagarar ƙaramin ƙarfen turi. Adadin da kamfani ya rubuta a takardar talla cewa injinsa yana yi a awa guda, an auna shi ne da miƙaƙƙen itace. Mai jarin da ya gina lissafinsa a kan wannan adadi ya gina a kan yashi.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Injin da ke cin gumagumai da sauri yana buƙatar a kawo masa su da sauri, dajin kuwa ba ya girma da saurin inji. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama babban birni, jama'a suka ƙaru, gonaki da gidaje suka ci daji, masu gawayi kuma suka bi manyan itatuwa domin kasuwar Abuja. Kilo ɗaya na gawayi a ramin gargajiya yakan ci kilo biyar zuwa goma na itace. A 2021 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar haramta harkar gawayi saboda ɓarnar daji. Madobiya kuwa, wadda aka yi ta kwasa zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Sha'anin daji a hannun jihohi yake, sarar bishiya domin kasuwa kuma tana buƙatar izini daga sashen kula da gandun daji. Wanda ya zuba miliyoyi a inji ba tare da halattacciyar hanyar samun itace ba, ya ɗora jarinsa a kan abin da hukuma za ta iya tsayarwa da takarda guda.

Akwai kuma itatuwan da sare su hasara ce ko da doka ba ta hana ba. Kaɗanya da ɗorawa suna ba da kuɗi kowace shekara ta hanyar man kaɗe da daddawa, galibi ga mata, kuma kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Sayar da ita a matsayin itacen wuta daidai yake da yanka saniyar tatsa domin kuɗin fata.

Mafita ita ce itacen shuka. Malaina da turare da darbejiya suna girma da sauri, suna kuma sake tohowa daga kututture bayan an sare su, ta yadda shuka ɗaya za ta ba da girbi da dama. Malaina da turare suna miƙewa yadda inji yake so, ko da yake malaina ba ta da nauyi, wutarta ba ta kai ta marke daɗewa ba, farashinta kuma zai nuna haka. Wanda ya raba filinsa kashi shida, yana sarar kashi ɗaya kowace shekara, ya sama wa injinsa abinci na dindindin. Kafin shukar ta isa sara, akwai tsofaffin itatuwan mangwaro da kashu da suka daina 'ya'ya, da ragowar da masu katako ke bari a daji, da itatuwan da aikin hanya ya tumɓuke.

Riba a bushewa take

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Tan ɗaya na ɗanye, wato kilo 1,000, yana ɗauke da kilo 500 na ainihin itace. In ya bushe har danshinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, nauyinsa zai koma kilo 625. Ke nan duk wanda ya yi lodin ɗanye zuwa Lafiya ya biya kuɗin motar kilo 375 na ruwa a kowane tan. Ta fuskar zafi kuma, kilo ɗaya na busasshe yana ba da kusan ninki biyu na abin da kilo ɗaya na ɗanye ke bayarwa, ga ƙarancin hayaƙi.

A nan ne injin ke da fa'idar da ba a cika lura da ita ba. Faskararren itace ya fi gungume saurin bushewa nesa ba kusa ba. Wanda ya faskara da yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu za ta busar masa kyauta. A jera shi a kan dogayen sanduna ko duwatsu domin tsare shi daga gara da damshin ƙasa, a bar tazara tsakanin layuka, in damina ta kawo kai a rufe samansa kawai, a bar gefe iska ta ratsa. Alamar bushewa ita ce tsagewa a bakin itacen da ƙara mai zaƙi in an gwara biyu. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da hanyoyin daji suka caɓe, busasshen itace ya yi wuya, a sannan mai rumbu yake yanka farashi. To, amma wannan dabara tana ɗaure kuɗi wata shida ko fiye, saboda haka jarin juyawa yana da muhimmanci kamar kuɗin injin kansa.

Lissafin uwar kuɗi

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, domin nuna hanyar lissafi, kowane mai jari sai ya sa farashin ranar da yake ciki. A ƙaddara inji ya iso Adogi a kan naira miliyan 12, har da kuɗin jirgi da na kwastan, kuma zai yi shekara shida yana aiki. Tsufansa ke nan naira miliyan 2 a shekara. A ƙara naira miliyan 1.8 ta ribar banki, da naira miliyan 1 ta hayar fili da mai gadi da takardun izini. Jimla naira miliyan 4.8, wadda za a biya ko inji ya yi aiki ko bai yi ba.

A ƙaddara kuma kowane lodin a-kori-kura yana barin naira 8,000 bayan an cire kuɗin gumagumai da mai da lebura da sufuri. Sai an sayar da lodi 600 a shekara kafin a kai matakin da ba riba ba faɗuwa. In injin yana samun aikin kwana 200, lodi uku a wuni ya wadatar. In kuwa ƙarancin itace ya sa kwana 60 kawai yake aiki, sai ya fitar da lodi goma kullum. A lodi 300 a shekara, kowane lodi yana ɗauke da naira 16,000 na tsayayyen kashi, mai inji yana faɗuwa, mai gatarin da ba shi da bashin kowa yana sayarwa ƙasa da shi. A lodi 1,200 kuwa nauyin ya sauka zuwa naira 4,000. Abin da ke raba riba da faɗuwa shi ne yawan kwanakin aiki, kwanakin aiki kuma gumagumai ne ke kawo su.

Sai a tuna cewa injin da kayan gyaransa da kuɗin waje ake sayen su. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada ƙwarai. Tiyo da bel da sarƙa ana samun madadinsu a gida, amma famfo ko bawul na musamman yana iya zaunar da inji wata biyu.

Itace kaya ne mai cika mota, mai ƙarancin daraja, kuɗin sufuri yana cinye ribarsa in tafiya ta yi nisa. Kasuwar mai inji a Adogi ita ce Lafiya da kewayenta: gidajen burodi, masu turara shinkafa, masu tuyar garin kwaki, makarantun kwana, masu abincin sayarwa da masu tsire. Waɗannan suna saye da yawa, suna saye kullum, suna kuma son tsawo ɗaya da bushewa ɗaya, abin da inji ya fi gatari iya tabbatarwa. Yarjejeniya a rubuce da biyar ko shida daga cikinsu ta fi dogaro da mai wucewa a bakin titi, ita ce kuma takardar da banki zai fi saurara, ko Bankin Masana'antu ne, ko Bankin Manoma, ko bankin da ba ya harkar kuɗin ruwa irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Matan da ke sayar da dami a unguwanni kuwa, mai hikima zai mai da su dillalansa maimakon ya ture su daga sana'ar da suka riga shi sani.

Matakin da ya dace a fara da shi

Tsakanin gatari da cikakken inji akwai tsani. Zarton inji na hannu tare da keɓaɓɓen injin tsaga mai haidurolik suna yin kaso mai yawa na aikin a kan kuɗi kaɗan. Injin tsaga ba ruwansa da karkatar itace, tun da guntu-guntu ake ba shi, ana iya jan sa zuwa gona, maƙeran zamani na cikin gida kuma suna iya harhaɗa shi da gyara shi. Ga irin itacen da ake samu yanzu a gabashin Lafiya, wannan haɗi ya fi dacewa. Cikakken injin yana da ranarsa, amma sai an sami miƙaƙƙun gumagumai na shuka masu zuwa a kai a kai, ko a gonar mutum ɗaya ko ta ƙungiyar manoma da za su yi tarayya a inji guda.

Haka kuma mai dogon hange zai lura da inda gwamnati ta dosa. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta, wadda ke neman rage dogaro da murhun gargajiya saboda cutar da hayaƙi ke yi wa mata da yara. In iskar gas ta yi sauƙi, gidajen birni ne za su fara barin itace, tanda da tukunyar turara shinkafa za su daɗe ba su bari ba. Wannan ma dalili ne na gina kasuwa a kan masu sana'a.

Tsarin da lissafi ya nuna, ke nan, shi ne a fara da fili da iri da izinin hukuma, a bi da rumfar busarwa da masu saye tabbatattu, inji ya zo daga ƙarshe. Wanda ya dasa malaina ko turare a daminar bana, nan da shekara biyar zuwa takwas zai sami abin da zai ɗora a kan bel. Wanda ya fara da sayen inji kuwa, a shekarar farko zai ga dajin da ke kusa ya ja baya, kuɗin ɗauko gungume ya ƙaru, bashin banki yana nan yadda yake.